Golf na faifai a filin da jama'a ke cika: neman shawara kan gajerun zanguna

Malamin Motsa Jiki ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare a nan Damagaram, kuma shawara nake nema daga waɗanda suka san wasan golf na faifai. Wani ƙanena da ke karatu a Faransa ne ya zo hutu da fayafayan roba iri-iri da kwando ɗaya mai sarƙoƙi wanda ake iya kwancewa a ɗauka, ya koya mana wasan, da zai koma kuma ya bar mana kayan. Ga wanda bai taɓa gani ba, tsarinsa irin na golf ne, sai dai babu ƙwallo kuma babu sanda. Mutum zai tsaya a wurin da aka shata ya wurga faifai wajen kwandon ƙarfe da ke can nesa, sa'an nan ya je inda faifan ya faɗi ya sake wurgawa, haka har ya shiga kwandon. Daga wurin tsayawa zuwa kwando shi ne zango ɗaya, kuma wanda ya gama zangunan duka da jifa mafi ƙaranci shi ya yi nasara.

Ɗalibaina sun kamu da son wasan, har da waɗanda ba sa shiga ƙwallon ƙafa saboda ba su da gudu. Damuwarmu ita ce wuri. Farfajiyar makarantarmu ƙarama ce, abin da muke da shi a kusa shi ne wani buɗaɗɗen fili na jama'a wanda tsawonsa bai wuce mita 200 ba, yana da itatuwan dogon yaro da ƴan manyan duwatsu irin waɗanda aka san garin nan da su. Wuri ne mai kyau, amma ba ya rabuwa da mutane. Hanyoyin ƙafa biyu sun ratsa shi, ƴan ga-ruwa suna bi da kurarsu, mata suna wucewa zuwa kasuwa da wurin niƙa, yara suna buga ƙwallo a gefe guda da la'asar, ga kuma samarin wata fada da ke zaman shayi a inuwar babbar bishiya tun kafin mu san da wannan wasa.

Niyyata ita ce in fitar da gajerun zanguna shida zuwa tara, kowanne tsakanin mita 40 da 70. Shin hakan zai yiwu a irin wannan wuri ba tare da mun ji wa wani ciwo ko mun jawo wa kanmu baƙin jini a unguwa ba? Wane irin faifai ya kamata in riƙa ba yara, tun da na lura duk sun fi son masu siririn baki saboda su ne ke cin nisa? Kuma shin in sa a ƙera mana kwanduna a kafa su dindindin, ko mu ci gaba da yawo da guda ɗayan nan? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Birni Mazaunin Finlan ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Zai yiwu ƙwarai, domin shi wannan wasa ma a filayen shaƙatawa na jama'a ya girma. Filin farko da aka kafa masa na dindindin shi ne na Oak Grove, kusa da Pasadena a jihar Kalifoniya ta Amurka, a 1975, kuma Ed Headrick ne ya tsara shi, mutumin da ya yi aiki a kamfanin Wham-O mai yin faifan Frisbee. A farko ma ba kwando ake jifa ba, sandunan ƙarfe ne aka kakkafa a ƙasa, sai daga baya ya ƙirƙiro kwando mai sarƙoƙi ya yi masa rajista a 1977, bayan ya kafa hukumar wasan, wato PDGA, a 1976. A nan Finlan, wadda ita ce ta biyu bayan Amurka wajen yawan filayen wasan, akwai gajerun filaye da dama a cikin gari da kusa da makarantu, kuma saɓani tsakanin masu jifa da masu wucewa abu ne da aka saba ji. Saboda haka damuwarka tsohuwa ce, an kuma daɗe ana koyon maganinta.

Zan fara da faifai, domin nan ne rabin matsalarka take. Idan ka duba, za ka ga lambobi huɗu a jikin da yawa daga cikinsu, ta farko ita ce ta gudu, tana tashi daga 1 zuwa 14. Masu 1 zuwa 3 su ne fayafayan kusa, bakinsu dakusasshe ne mai kauri, da su ake jefawa cikin kwando. Masu 4 ko 5 na tsaka-tsaki ne. Daga nan sama sai na nesa, waɗanda bakinsu ke da faɗi da tsini, wasu faɗin bakin ya wuce santimita 2. Irin wannan siririn baki ya fara ne a 1983 da ƙirar Dave Dunipace na kamfanin Innova, kuma shi ne ya sa fayafayan wasan suka rabu da faifan da yara ke cafe-cafe da shi. Ƙwararru suna wuce mita 150 da su, gudunsu kuma lokacin fita daga hannu yakan haura kilomita 100 a awa. Faifan nesa a fili mai mita 200 da mutane a ciki tamkar sukuwar doki ce a lungu.

Akwai kuma abin da ɗalibanka ba su gane ba tukuna. Faifan nesa yana buƙatar ƙarfin hannun da aka ƙera shi dominsa. Idan sabon shiga mai jifa da bayan hannun dama ya wurga shi, gudun bai isa ba, sai ya tashi sama ya karkace hagu da wuri ya faɗo da baki, idan kuma ƙasar mai tauri ce ya yi tsalle ko ya mirgina ya ƙara wasu mitoci zuwa inda ba wanda ya nufa. Bahago kuwa nasa dama yake yi. Faifan kusa ba ya wannan hali, yana tafiya a hankali kuma a miƙe, inda ya sauka nan yake zama, kuma yaro da ya saba da shi zai kai mita 50 ko 60 ba tare da wahala ba. Shawarata ita ce ka kulle na nesa a akwati, ka ba kowane yaro faifan kusa guda ɗaya, na tsaka-tsaki kuma sai ga wanda ka ga hannunsa ya zauna. Ba tauye su ka yi ba, ko nan masu koyarwa da faifan kusa suke fara wa mutum, domin shi ne ke nuna kuskuren hannu a fili.

Sai tsarin zanguna. Kada ka fara da tambayar inda kwando zai yi kyau, ka fara da zana hanyoyin ƙafa biyun nan da bishiyar fada da wurin ƙwallon yara a takarda, abin da ya rage shi ne filinka. Kada zango ya ƙetare hanya ko kaɗan, kuma idan zai bi kusa da ita, to hanyar ta kasance a hannun dama na mai jifa, tun da mafi yawan yara dama suke amfani da ita kuma fayafayansu hagu za su ƙare. Duk wurin da mai jifa ba ya ganin inda faifai zai sauka, kamar bayan babban dutse, ka cire shi daga lissafi, komai daɗin da zai yi.

Abin da masu tsara gajerun filaye suka fi mantawa da shi shi ne bayan kwando. A dogon zango mutum yana neman ya matso ne kawai, amma a zango mai mita 45 kowane yaro zai so ya jefa faifai cikin kwando da jifa ɗaya, don haka zai wurga shi da ƙarfi daidai tsayin sarƙoƙi. Idan ya kuskure, kuma mafi yawan lokuta zai kuskure, faifan zai wuce a tsayin ƙirjin babba, wato daidai fuskar yaro, ya yi mita 15 ko 20 gaba. Don haka ka bar aƙalla mita 20 a bayan kowane kwando babu hanya, babu wurin zama, babu kuma wurin tsayawar zango na gaba. Idan ka auna da wannan ƙa'ida, ina ganin shida za ka samu, ba tara ba, kuma a zagaya shidan nan sau biyu ya fi a cusa tara suna ratsa juna.

Malamar Jinya ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ban taɓa riƙe wannan faifai ba sai na ɗan yayata, amma aikina ɗinki da wanke rauni ne, don haka ta nan zan yi magana. Ɗan'uwa na Finlan ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina jin tsoron kada a ɗauka cewa da an koma faifan kusa shi ke nan an tsira. Wanda na ɗaga a hannuna an rubuta giram 173 a bayansa, kuma roba ce mai tauri. Abu mai wannan nauyi idan ya sami babba a baya ko a cinya zai yi tsami ya wuce, amma idan ya sami ido, ko haƙori, ko gefen kan ƙaramin yaro, magana ta canza.

An gaya mini cewa masu wasan suna da kalmar da suke ƙwalawa idan faifai ya nufi mutum, mu a nan sai mu ce hattara. Malam, kada ka dogara da wannan kira. Wanda ya san wasan ne yake sunkuyawa ya rufe kansa idan ya ji, wanda bai sani ba kuwa waiwayowa yake yi ya ɗaga fuska don ya ga abin da ke faruwa. Mace mai goyo idan ta tsorata baya take juyawa, ka ga ta miƙa jaririn ga abin da take gudu. Ɗan ga-ruwa da ke tura kura cike da jarkoki ba zai iya kaucewa ba ko ya ji. Ƙananan yara kuwa ba gudu suke yi ba, rige-rigen cafewa suke yi. Saboda haka dokar da zan so ka kafa wa ɗalibanka ita ce, muddin akwai mutum a gaba, ko da a ganinsu ya yi nisa, faifai ba ya barin hannu. A jira shi ya wuce, kuma ba a ɗaga masa murya ba a yi masa alamar ya yi sauri, domin hanyarsa yake bi.

Ka kuma yi shirin ƴan kallo, don za su taru. Maimakon kora, wadda ba ta aiki, ka shata musu layi a bayan mai jifa, ka ɗora babba ɗaya daga cikin ɗalibai ya tsaya kusa da mahaɗar hanya yana ɗaga hannu idan wani na tafe. Sannan ka hana yara zura hannu cikin tsagar dutse ko ƙarƙashinsa don ciro faifai, a sa sanda, saboda kunama. Idan da so samu ne ma, da marasa nauyi masu laushi kawai zan ce a yi amfani da su.

Mai Walda na Zango ya rubuta:

Malam, barka da wannan aiki. Game da kwando, na duba ma'aunin da hukumar wasan ta fitar, ba abin da zai gagari mai walda ba ne. Bakin kwandon yana tashi wajen santimita 82 daga ƙasa, faɗinsa wajen santimita 66, a sama kuma akwai zobe da sarƙoƙi ke sauka daga gare shi su haɗu a jikin sandar tsakiya, wasu kwandunan sarƙa 12, wasu 24, wasu fiye. Aikin sarƙar shi ne ta kashe gudun faifai ya zube cikin kwando, don haka idan ta yi sirantaka faifai zai ratsa ya fita ta baya, idan ta yi nauyi da yawa kuma ya dawo. Rodi da bututun ƙarfe duk akwai su a gari, sarƙar ce za ta ci kuɗi, musamman wadda ba ta tsatsa.

Amma ni da zan ci riba idan ka ba ni aikin guda shida, ba zan ba ka shawarar kafa su dindindin yanzu ba. Ƙarfen da aka bari a fili ba mai gadi ka san makomarsa, ko yara su mayar da shi lilo har ya lanƙwashe, ko a ɗaure masa akuya, ko a wayi gari sarƙoƙin sun tafi wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Dabarar da ta fi ita ce a binne gajeren bututu a ƙasa da siminti, bakinsa daidai da ƙasa don kada wani ya yi tuntuɓe, a yi masa murfi. Idan za a yi wasa sai a zo da kwando a zura sandarsa ciki, idan an gama a zare a mayar makaranta. Da haka kwando biyu ko uku za su ishe ku, ana ciyar da su gaba.

Kafin nan ma, tun da ɗan'uwa ya ce da sanduna aka fara a Amurka, me zai hana ku fara da su? A cika tsohuwar tayar babur da siminti, a kafa bututu a tsakiya, a shafa fenti tsakanin tsayin ƙugu da na kafaɗa, faifan da ya taɓa wurin fentin ya shiga ke nan. Ana iya mirgina ta a sauya mata wuri duk ranar da aka ga zangon bai dace ba. Siminti kuwa idan ya kama ƙasa, gyara sai da diga.

Dattijon Unguwa ya rubuta:

Ɗana Malam, Allah ya yi wa aikinka albarka. Na yi aiki a ma'aikatar magajin gari har na yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne rigimar fili ba ta cika tasowa daga abin da aka yi ba, daga rashin sallama take tasowa. Kafin ka binne ko da ƙusa ɗaya, ka je wurin mai unguwa tare da shugaban makarantarku, ku tafi da faifan da kwandon ya gani da idonsa, ya riƙe a hannunsa. Daga nan ku rubuta takarda zuwa ma'aikatar magajin gari ku bayyana ranaku da lokutan da kuke so, ku ajiye kwafi mai hatimi. Ko ba a buƙaci takardar yau ba, ranar da wani abu ya faru ita za a fara tambaya. Samarin fadar nan kuma ka je ka zauna ka sha shayinsu, ka ba su faifai su gwada. Su ne ke wurin dare da rana, idan suna tare da kai sun zama masu gadinka, idan ka tsallake su kuwa ko alli ka shata da safe ba za ka tarar da shi da yamma ba.

Batun lokaci, na san da yawa za su ce maka bayan sallar asuba fili babu kowa. Ba haka ba ne a garin nan. Da sassafe ne masu neman ruwa suka fi kai da kawo, a lokacin ne ake fitar da dabbobi kiwo, a lokacin ne ƴan makaranta ke ratsawa. Sau da yawa hantsi ya fi zama shiru, bayan kowa ya kama gabansa, sai dai da bazara rana ba za ta bar ku ba. Kada ka yi ƙiyasi daga gida, ka je ka zauna a wurin a ranaku dabam-dabam ka ƙidaya masu wucewa da kanka. Alhamis ranar kasuwa ce kuma almajirai ba su da karatu, Juma'a kuma daga hantsi mutane sun fara haramar masallaci, waɗannan biyun ka bar wa jama'a filinsu.

Akwai abu ɗaya da ban ga an ambata ba, wato katangun gidaje. Faifai zai faɗa gidan mutane, ba makawa. Ka gargaɗi samarinka tun yanzu cewa ba a haura katanga, ba a leƙe, ba a kuma faɗa gidan matan aure da sunan ɗauko faifai. A yi sallama a ƙofa, a aiki ƙaramin yaro, idan ba a amsa ba a haƙura sai maigida ya dawo. Saurayi ɗaya da ya hau katanga ya isa ya sa a rufe maka wasan nan gaba ɗaya, kuma ba wanda zai goyi bayanka, har ni.

Ɗan Birni Mazaunin Finlan ya sake rubutawa:

Baba ya gama magana a kan abin da mu na nesa ba za mu iya gani ba. Malama kuma, abin da kika faɗa game da jira shi ne ainihin dokar wasan, ba ƙari ba ne. Dokokin PDGA sun hana ɗan wasa jifa har sai ya tabbata faifansa ba zai iya raunata kowa ba, kuma lokacin da ake ba mutum ya yi jifa ba ya fara ƙirguwa sai gabansa ya zama babu kowa. Kiran hattara na ranar da kuskure ya riga ya auku ne.

Inda zan ɗan saɓa miki shi ne batun marasa nauyi. Gaskiya ne suna da amfani, a Japan ma an daɗe ana gasa da fayafayai na ajin giram 150, kuma ga ƙananan yara su ne suka dace. Amma Damagaram tana da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyin gari ya fi daɗin wasa, iskar arewa maso gabas tana kaɗawa da ƙarfi, faifai marar nauyi kuma shi iska ta fi ɗauka. Idan mutum ya yi jifa yana fuskantar iska, faifan yakan ɗaga sama ya kife wajen dama ga mai bayan hannun dama, idan kuma iskar tana bayansa sai ta danne shi ƙasa ya faɗi da wuri. Mafi muni ita ce iskar gefe idan ta shiga ƙarƙashin faifai, tana iya kai shi mita da yawa daga inda aka nufa. Don haka a ranar iska, faifan kusa mai giram 170 da aka yi da roba mai laushi, wanda ake iya lanƙwasawa da hannu, ya fi mai giram 140 aminci, domin ya fi zuwa inda aka aike shi. Malam ya lura da wannan wajen shata zanguna: kada hanya ko wurin zama su kasance a kudu maso yammacin layin jifa kusa-kusa, tun da can iskar za ta tura komai. Ranar da ƙura ta rufe gari kuwa, a bar wasan.

Ga wasu ƙa'idoji da za su sa doka ta yi maka gadi. Ka ayyana hanyoyin ƙafa da inuwar fada da filin ƙwallo a matsayin wajen iyaka. A dokar wasan, faifan da ya faɗa wajen iyaka yana jawo tarar jifa ɗaya, sannan a ci gaba daga cikin mita ɗaya da inda ya fita. Yaro da ya san zai yi asarar maki zai kauce wa hanya da kansa fiye da yadda wa'azi zai sa shi. Akwai kuma dokar tilasta bi ta wani gefe, inda za ka ɗaura ƙyalle a bishiya ka ce dole faifai ya wuce ta damanta, wanda ya bi ta hagu ya ci tara. Da wannan za ka karkatar da jifa daga inda mutane suke, kuma zango mai mita 45 ya zama mai wuya, musamman idan rassan dogon yaro sun yi ƙasa har sai an yi jifa a kwance. Kowane zango ka sa masa ƙa'idar jifa uku, wato adadin jifan da ake sa ran a gama shi da su.

Kada rukuni ya wuce mutum huɗu ko biyar, wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, sauran duk suna bayansa. Wannan tsohuwar doka ce kuma ita ce ke hana ɗalibai jifan junansu. Idan aka zo zango aka tarar wasu sun shimfiɗa tabarma a tsakiyarsa, a tsallake shi a rubuta wa kowa uku, ba a tashin kowa. Sannan kada a bar fayafayai a rana ko a cikin mota da bazara, zafi yana lanƙwasa su, kuma wanda ya sha karo da dutse bakinsa ya yi kaushi a goge shi kafin ya yanki hannun wani.

Malamin Motsa Jiki ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na koma filin da takarda kamar yadda aka ce, kuma da na cire hanyoyi da mita 20 na bayan kowane kwando, zanguna biyar ne suka fita lafiya, na shidan yana matse da katangar wani gida, don haka na bar shi. Fayafayan nesa sun shiga akwati, za mu riƙa fitar da su ne kawai idan mun sami fita bayan gari inda babu kowa. Baba, shugaban makarantarmu ya amince mu je wurin mai unguwa ranar Asabar, takardar kuma ana rubuta ta.

Saura abu biyu. Malama, ɗalibai mata sun nemi a ware musu nasu lokaci, kuma ina tunanin safiyar Lahadi da hantsi, ko za ki iya zuwa ranar farko ki yi wa rukunin biyu bayanin abin da za su yi idan faifai ya sami wani a ido ko a kai kafin a kai shi asibiti? Maigida mai walda kuma, za mu fara da sandunan taya guda biyar. Tayar babur za ta iya riƙe bututu mai tsayin mita ɗaya da rabi idan iskar hunturu ta taso, ko sai mun nemi ta ƙaramar mota?